Kati uku cikin wata shida: yadda wani mai zanen gidaje a Kano ya dace da katin hoton kwamfutarsa

## Kafin matsala ta taso

Matashin da zan ba da labarinsa ƙanen abokina ne. Tsarin gine-gine ya karanta, ya yi bautar ƙasa, aikin ofis bai samu ba, sai ya mai da shagonsa na ƙofar gida wurin sana'a. Mai son gini ya kawo masa takardar fili, ya zana masa fulan, sannan ya fitar masa da hoton gidan kamar an gama shi: fenti, tayil, fitilun bango, intalok a tsakar gida, har da mota a ƙarƙashin rumfa. Fulan na magina ne. Mai gida kuwa hoton yake so ya gani, kuma shi ne ke sa ya ce a zuba yashi a fara aiki.

Ni sana'ata haɗa kwamfuta da gyaranta. Ni na haɗa masa tasa a 2021, don haka duk abin da ya same ta ni ake nema. Ga abin da ke cikinta a ƙarshen 2022: furosesa Core i5-10400 mai ƙwaya 6, RAM giga 16, katin hoto GeForce GTX 1050 Ti na kamfanin NVIDIA mai giga 4, da fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, maras suna da aka rubuta wa wat 450 a jiki. Ni na sa wannan fawa-fak ɗin, domin a lokacin katin wat 75 kawai yake ja, daga jikin mazabod, babban allon da ake jona komai a kai, yake shan wutarsa ba tare da wata waya ba. Monitarsa mai inci 24 ce, 1920×1080, tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Wutar unguwarsu ba ta da tabbas, shi ya sa yayansu ya sa masa inbata mai batir biyu, kowanne bolt 12, amfiya 200, ga kuma ƙaramin janareto a gefe.

Manhajojinsa huɗu ne. AutoCAD na fulan, SketchUp na tayar da gini, Blender na fitar da hoton ƙarshe, abin da 'yan sana'ar ke cewa renda, sai Photoshop na gyaran haske da sa sararin sama. Da daddare kuma kwamfutar ta ƙanensa ce, ɗalibin jami'a, mai buga FIFA 23 da GTA V shi da abokansa. Shi ma yana da ta cewa a duk abin da za a sayo wa injin, tunda yakan sa ɗan abin da ya tara.

Katin hoto, wanda a kasuwa ake cewa girafik, abu biyu ne a jiki ɗaya. Akwai injin lissafi mai ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙwayoyi da ke aiki a tare, akwai kuma ma'ajiyarsa ta kansa, VRAM, wadda dabam take da RAM ɗin kwamfuta. Idan za a yi renda a kan kati, ginin da duk abin da aka lulluɓe shi da shi sai sun zauna cikin wannan ma'ajiyar.

## Janairu 2023: aikin gidaje 12

A makon farko na Janairu wani ɗan kasuwa mai gina gidaje yana sayarwa ya ba shi aiki mafi girma da ya taɓa samu: rukunin gidaje 12 a fili ɗaya, da titi a tsakani, da ƙaramin masallaci, da katanga, da bishiyoyi. Alhajin yana son hotuna 8 da bidiyo na daƙiƙa 30 wanda zai riƙa nuna wa masu saye a waya.

Fulan da tayar da gini sun tafi lafiya. Da ya kwaso komai zuwa Blender 3.4 ya danna renda, sai allo ya yi tsit, can sai saƙo ya fito cewa ma'ajiyar katin ta cika. Ya rufe ya buɗe, haka. Ya cire motocin, haka. Ya mai da aikin kan furosesa, hoto ya fita, amma guda ɗaya minti 55 ya ci. Kuma wanda ya san sana'ar ya san ba a fitar da hoto sau ɗaya a ce an gama. Alhaji zai ce fentin ya yi duhu a mai da shi ruwan madara, Hajiya ta ce ƙofar get ba ta yi mata ba, kowane gyara sabuwar renda ce.

Bidiyon ne ya fi ƙarfinsa. Daƙiƙa 30, kowace daƙiƙa firem 24, hotuna 720 ke nan. Ko da ya rage kyan hoton har kowanne ya koma minti 12, lissafin awa 144 ne, kwana shida cur kwamfuta na kunne ba a ɗauke wuta ba. Ya miƙa hotunan da jinkirin mako guda, ya ba da haƙuri a kan bidiyon. Aka rage masa kuɗin aiki, aka kuma ce akwai kashi na biyu na rukunin a tsakiyar shekara, in zai iya.

## Fabrairu zuwa Maris: katin 'yan wasa

Shawarar farko daga ƙanensa ta fito. Ya nuna masa bidiyoyin YouTube inda ake jera katuna ana gwada wasa ɗaya a kansu, adadin firem na hawa da sauka a kusurwar allo. A ciki Radeon RX 580 na kamfanin AMD mai giga 8 ya bar 1050 Ti a baya da tazara mai yawa, ma'ajiyarsa ninki biyu ce, kuma a lokacin ya yi araha ƙwarai. Dalilin arahar sananne ne. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina aiki da haƙa, wato samar da kuɗin ta hanyar sa katunan hoto lissafi, katunan da 'yan kirifto suka yi shekaru suna haƙa da su dare da rana suka rasa aiki, aka zubo su kasuwa. RX 580, wanda ya fito tun 2017, na cikin waɗanda aka fi haƙa da su. Ya sayi ɗaya a hannun wani mai talla a intanet daga Legas, ya tura kuɗi ta banki domin lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, aka sako masa a mota.

Bai gaya mini ba. Katin yana buƙatar waya mai baki 8 daga fawa-fak, nasa ba shi da ita, sai ya sayi 'yar ƙaramar wayar da ke juya mazubin SATA, wanda ke ba hard disk wuta, ta mai da shi baki 8, ya jona da kansa.

Wasa ya yi kyau, ƙanen har abokai ya gayyato. Da safe shi kuwa ya buɗe Blender, ya shiga wurin zaɓen kati, babu sunan RX 580 a wurin. Tun Blender 3.0, da ya fito a Disamba 2021, masu manhajar sun cire OpenCL, hanyar da katunan AMD ke bi a da, suka maye gurbinta da HIP, ita kuwa HIP ba ta karɓar katunan zamanin RX 580. Ya gwada V-Ray, wata manhajar renda da ake jona wa SketchUp, a kan shawarar wani abokinsa, ya tarar ɓangarensa da ke renda a kan kati katunan NVIDIA kaɗai yake karɓa a lokacin. Ya sauko da Blender 2.93, tsohon da ke da OpenCL. Nan katin ya bayyana. Sai dai kafin renda ta fara sai ya jira mintuna manhajar tana shirya kanta, wasu kayan da ya haɗa a 3.4 suka buɗe a hargitse, ciyawar harabar gida ma ɓacewa ta yi. Hoton gida guda mai hawa ɗaya, wanda tsohon katin ke fitarwa a minti 14, ya koma minti 15.

Ranar da ya kira ni, a mako na biyu na Maris, kwamfutar ta mutu sau uku a yini ɗaya. Ya ce, "Yaya, don Allah ka zo ka duba mini, tana ɗaukewa da kanta, kuma wani ƙauri nake ji." Na kwance murfin. Bakin wayar SATA ɗin ya koma ruwan ƙasa, robar ta narke ta manne da ɗan'uwansa, in ka sa yatsa sai ta riƙa ɓarɓashi. RX 580 wat 185 yake ja. Mazabod ba ya ba da fiye da 75. Sauran duk ta wannan siririn bakin suke bi, wanda aka yi don abin da bai wuce wat 54 ba. Fanka ɗaya daga cikin biyun tana ƙara kamar an sa mata tsakuwa, zafin katin kuma yana kai digiri 88 in an ɗora masa aiki. Allah ne ya tsare gobara ba ta tashi a ɗakin da suke kwana ba.

Katin ya sayar wa wani mai shagon buga wasa, ya faɗa masa halin da fankar ke ciki, ya yi faɗuwar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa. Muka mai da 1050 Ti.

## Afrilu zuwa Mayu: katin ƙwararru

Bayan ƙaramar Sallah ya je gai da wani tsohon maigidansa, wanda ya yi zaman koyon aiki a ofishinsa lokacin karatu. Ya kwashe labari ya ba shi. Maigidan ya ce, "Ai kai ka jawo. Katin wasa na yara ne. Mu duk injinan ofis Quadro ne a ciki, shekara nawa ke nan ba su taɓa ba mu ciwon kai ba." A kan ofishinsa gaskiya ya faɗa. Aikinsu AutoCAD ne da Revit, renda kuwa waje suke bayarwa a yi musu.

Quadro jerin katunan NVIDIA ne na injinan ofis. Tun wajen 2020 kamfanin ya daina sa wa sababbi wannan sunan, ya koma RTX A, amma na hannu sun yi yawa a kasuwa domin suna zuwa cikin manyan kwamfutocin ofis da ake kawowa daga Turai da Amurka. Ya samu Quadro P2000: fitar 2017, giga 5, ƙwayoyin CUDA 1,024, wat 75. Kuɗinsa ya fi abin da ya samu a RX 580, sai da ya cika daga aljihunsa.

Wannan karon ni na sa masa. Babu wata wayar wuta da za a jona. Bai wuce digiri 65 ba duk da zafin ƙarshen Afrilu, kuma ba ka jin motsinsa. Ramukansa huɗu na jona monita duk DisplayPort ne, sai da muka sayi mahaɗi zuwa HDMI. Ya buɗe AutoCAD yana juya fulan, ya ce, "Yaya, ka ga yadda yake tafiya sumul?" Na tambaye shi ko da ma yana tsaitsayawa a tsohon katin. Ya yi shiru, sannan ya ce a'a.

Gidan mai hawa ɗaya ya sauko daga minti 14 zuwa 10. Ya buɗe fayil ɗin rukunin gidaje, ya danna renda, saƙon nan na Janairu ya dawo. Ƙanen ya gwada wasansa sau biyu ya ga ya ɗan fi 1050 Ti amma ko kusa bai kai RX 580 ba, ya koma buga wasa a gidan abokinsa. Yayansu da ya ji labari abin da ya ce shi ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

## Yuni: awo kafin saye

Kashi na biyu ya tabbata, gidaje 16, a miƙa a ƙarshen Agusta, da bidiyo wannan karon ba uzuri. Zamani kuma ya juya. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, litar ta ninka fiye da biyu, janareto ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A tsakiyar Yuni aka saki naira, kayan kwamfuta suka shiga tashi kusan kowane mako. Kuɗin gwaji ya ƙare. Na ce masa ba za a ƙara sayen ko kusa guda ba sai mun zauna mun auna aikinsa.

Yini biyu muka yi a shagonsa. Kayan awon ba wasu masu tsada ba ne: Task Manager na Windows, manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin hoto, da ƙaramar mita da ake sokawa a soket tana nuna wat nawa injin ke ja.

Muka fara da AutoCAD da SketchUp. Yana juya babban fayil, ƙwaya ɗaya ta furosesa tana cika taf, sauran suna hutu, katin kuwa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Photoshop ma ba shi da wani nauyi a kansa. Masu zanen fosta da katin biki a CorelDRAW sukan zo mini neman babban kati, kuma abin da nake gani a injinansu ke nan, abin da ke riƙe su furosesa ne da RAM da tsohon hard disk mai juyi.

Sai Blender, wanda ke nuna iyakar ma'ajiyar da renda ta ci. Gida mai hawa ɗaya, giga 2.6. Bene mai kayan ɗaki a ciki, giga 4.4. Rukunin gidaje 12, giga 9.4. Blender yana iya aron RAM ɗin kwamfuta in ta kati ta cika, amma gudun yakan faɗi warwas, kuma a injinsa RAM ɗin ma tana giga 15 cikin 16 a daidai wannan lokacin, ba abin da za a ara.

Muka bi diddigin inda giga 9.4 ta fito. Mafi yawanta hotunan lulluɓi ne, waɗanda ake shimfiɗa wa bango da ƙasa da rufi don su yi kama da bulo ko tayil ko kwano. Ya sauko da su daga intanet a girman 4K duka. Hoto ɗaya mai 4096×4096 in ya shiga ma'ajiya yakan kama kusan mega 64, kuma tayil guda yana iya zuwa da hotuna huɗu, na launi, na sheƙi, na tudu da kwari da sauransu, mega 256 ke nan a kan tayil ɗin bandakin da ba zai fito a hoton waje ba sam. Rabin girman, wato 2K, kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ci, mega 16. Bishiyoyin darbejiya da ya jera a bakin titi kuwa kwafe su ya yi ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata nauyin, alhali Blender yana da hanyar da za a ajiye bishiya ɗaya a nuna ta sau hamsin. Muka gyara waɗannan biyun, fayil ɗin ya sauko giga 7.5. Windows da allon Blender kansa suna riƙe da wajen giga 0.8 a katin ko ba a renda. Jimla 8.3, a kan gidaje 12, ga 16 na tafe.

Mita ta nuna injin yana jan wat 130 lokacin da furosesa ke renda. A minti 55, wat-awa 119 ke nan a hoto ɗaya.

Da waɗannan lambobi muka jera katunan da hannunsa zai iya kaiwa. RTX 3060 mai giga 12, wat 170, wanda ya fito a Fabrairu 2021 a kan dala 329. RTX 3060 Ti mai giga 8, wat 200. RTX 4060, sabo fil, da ya fito ranar 29 ga Yuni a kan dala 299, giga 8, wat 115 kacal. Radeon RX 6700 XT mai giga 12, wanda Blender ke karɓa ta HIP, amma wat 230 yake ja kuma V-Ray ba ya aiki da shi a lokacin. Sai RTX A2000 mai giga 12, ɗan gidan Quadro, wat 70, wanda ya fi kowanne dacewa da mai inbata. Shagunan da muka tambaya a Kano ba su da shi, farashin da aka faɗa mana daga Legas kuma ya kusa ninka na 3060.

Ƙanen ya dage a kan nasa. "Yaya, 3060 Ti ya fi 3060 gudu, kowa ya sani. In ma ba shi ba, a sayi 4060, shi ne sabo." Bai yi ƙarya ba. Ti yana da ƙwayoyi 4,864, shi kuwa 3060 yana da 3,584. Na tambaye shi firem nawa monitar gidan ke iya nunawa a daƙiƙa. Ya ce 60. Na tambaye shi wanne ne a cikin katunan ba zai ba shi 60 a FIFA a wannan monitar ba. Ya duba wayarsa ya daɗe, ya ce duk za su bayar.

## Yuli: kati na uku

Aka tsaya a kan RTX 3060 mai giga 12, na hannu. Wannan karon ba saye daga nesa. Muka ɗauki kwamfutarsa gaba ɗaya a adaidaita sahu, da fayil ɗin rukunin gidaje a ciki, da sabon fawa-fak mai wat 550, wanda shi ne abin da NVIDIA ta ce a sa wa wannan katin, mai tambarin 80 Plus Bronze kuma mai wayarsa ta baki 8 ta asali.

A shagon farko aka fito mana da kwali an rubuta RTX 3060. Muka sa, GPU-Z ya nuna mega 8,192 da hanyar ma'ajiya mai bit 128. Ba jabu ba ne. A ƙarshen 2022 NVIDIA ta fitar da wani 3060 mai giga 8 da suna iri ɗaya, kuma wanda bai duba ba zai biya kuɗin wannan ya tafi da wancan. Muka mayar. A shago na biyu ya nuna mega 12,288 da bit 192. Muka buɗe fayil ɗin muka bar shi yana renda ɗaya bayan ɗaya har minti 30, ina kallon zafi, ina sauraron fankoki. Bai wuce digiri 74 ba. Mai shagon ya gaji ya ce, "Malam, gwaji kuka zo yi ko aikinku kuka kawo mana?" Muka ba shi haƙuri, muka biya.

Quadro ɗin ya sayar wa wani mai zanen injina da ke aiki da SolidWorks, wanda ya karɓa da murna domin manhajarsa tana buɗe wasu abubuwa ne kawai in ta ga katin da aka tantance mata. Da kuɗin ya ƙara RAM zuwa giga 32. Na share ragowar direbobin AMD da na Quadro, wato manhajojin da ke sa kati ya yi aiki da Windows, da manhajar DDU, na sa direban NVIDIA Studio maimakon Game Ready. Kati ɗaya ne ke karɓar kowanne, bambancin shi ne na Studio ba a yawan sabunta shi kuma an fi gwada shi da manhajojin zane. A Blender 3.6 muka zaɓi OptiX, hanyar da ke aiki da ɓangaren bin haske da katunan RTX ke da shi, wanda babu a 1050 Ti ko P2000.

Gida mai hawa ɗaya ya fita a minti 1 da daƙiƙa 40. Rukunin gidaje 12, minti 5. Mita ta nuna wat 280, fiye da ninki biyu na da, amma a minti 5 wat-awa 23 ke nan, inda a da hoto ɗaya ke cin 119. Fayil ɗin gidaje 16 ya tsaya a giga 9.1. Bidiyon ya kama daƙiƙa 45 kowane firem, awa 9 gaba ɗaya. Batir biyun a rubuce wat-awa 4,800 ne, amma irinsu ba a so a sha fiye da rabi, don haka wajen awa 8 da rabi suke iya riƙe injin. Ya raba aikin dare biyu, yana fitar da kowane firem a matsayin hoto dabam, ta yadda ko wuta ta yanke daga inda aka tsaya za a ci gaba. Ya miƙa aikin kwana huɗu kafin wa'adi.

## Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024: ƙura da zafi

Hunturu ya wuce ta kan injin yana ajiye a ƙasa kusa da ƙofa. A ƙarshen Maris, da zafin gari ya haura digiri 40, ya kira ni ya ce fankoki suna ihu kuma renda ta koma minti 6. Katin yana digiri 84 yana rage gudunsa da kansa. Tsakanin ƙarafan sanyayawa ƙura ce ta daskare kamar auduga. Na hure shi da bulowa, na goge tsohon man sanyaya da ya bushe na sa sabo, na kuma rage masa iyakar wuta zuwa kashi 80 cikin 100 da MSI Afterburner, wato wat 136. Zafi ya sauko 73, renda ta tsaya a minti 5 da daƙiƙa 20. Muka ɗora injin a kan tebur, nesa da ƙofa.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Katin da ya fitar da shi katin 'yan wasa ne, kuma wanda 'yan wasan kansu ba su cika yabo ba, domin a wurinsu giga 12 a kan injin da bai kai Ti ƙarfi ba ɓarnar kuɗi ce. A wurinsa kuwa wannan gigar ita ce komai. Wasa in ya rasa ma'ajiya sai ya rage kyan hoto ko ya ɗan yi tsalle, a ci gaba da buga shi. Renda in ta rasa, tsayawa take yi. Da ya sayi 3060 Ti ko 4060, ƙananan gidaje za su riƙa fita da sauri kaɗan, aikin da ke kawo masa kuɗi kuwa ya maƙale a giga 8.

RX 580 bai faɗi don kasancewarsa na wasa ba, kuma a hannun mai shagon da ya saye shi har yanzu yana aiki. Manhajar da yaron ke cin abinci da ita ce ba ta magana da shi, kuma minti biyar a shafin Blender da ke jera katunan da yake karɓa sun isa su hana wannan asarar. Quadro ɗin ma bai yi laifi ba. Abin da ake biya a jikinsa direba ne da aka tantance da manhajoji irin su SolidWorks da CATIA, da sanyi, da ƙarancin wuta, da juriya. Duk ya bayar. Yaron ne ba ya cikin masu buƙatarsu, kuma sunan Quadro ba ya ƙara wa katin 2017 mai giga 5 ko giga ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne duk waɗanda suka ba shi shawara suna ƙaunarsa kuma gaskiya suka faɗa masa, kowanne dai gaskiyar injinsa ya faɗa, ba wanda ya ce ya buɗe fayil ɗinsa a gani. Ni ma da na haɗa injin sai a wata na shida na yi haka, kuma fawa-fak ɗin da na sa a 2021 na cikin abin da ya kai shi ga wayar da ta narke.

Wani sashe na nasarar ma ba na katin ba ne. Giga 1.9 da muka rage ta hanyar gyara hotunan lulluɓi da bishiyoyi ba ta ci ko kwabo ba, kuma ba don ita ba da gidaje 16 sun matse har giga 12 ɗin. RAM da fawa-fak ma sun ɗauki nasu kason.

Da A2000 ya samu a farashin da ya dace, ina ganin shi zan zaɓa masa saboda batir, ko da renda za ta ɗan ƙara tsawo. Wannan har yanzu muna muhawara a kai, shi yana cewa minti ya fi masa wat muhimmanci in Alhaji na zaune yana jiran gyara.

Zuwana na ƙarshe na tarar yana kan aikin wata makaranta mai ajujuwa da ɗakin kwanan ɗalibai da filin ƙwallo. Fayil ɗin yana giga 11.2. Ya buɗe mini takardar da yake rubuta awon kowane aiki a ciki tun Yunin 2023, ya tambaye ni farashin RTX 4060 Ti mai giga 16. Ƙanen kuma ya daina zancen kati, yanzu kuɗin monita mai sabunta hoto sau 144 yake tarawa.